Mikel Obi: lamba goma a gida, lamba huɗu a Landan

Ƙwallo 6 John Mikel Obi ya ci wa Chelsea a wasanni 372. Ƙwallo 6 kuma ya ci wa Super Eagles a wasanni kusan 90. Duk musun da ake tafkawa a kansa a gidajen kallo, daga Jos inda aka haife shi har Kano, bai wuce tsakanin waɗannan alƙaluma ba. Masu jin haushi su ce tsohon kocin Chelsea Jose Mourinho ne ya karɓi yaron da ake jera sunansa da na Messi ya mayar da shi ɗan dako. 'Yan Chelsea su ce to, ɗan dakon dai da kofin Zakarun Turai ya koma gida, ina wanda Okocha ya ɗauka? Daga nan sai a bar maganar ƙwallo a koma gori.

A nawa ganin kowane ɓangare yana da gaskiya kaɗan, amma dukansu suna faɗa ne a kan gurabe biyu da ba nasa ba. Mikel bai taɓa zama lamba goma, wato mai shirya hari a bayan ɗan gaba, irin Okocha ba, ko lokacin da yake yaro. Bai kuma zama Makelele, lamba huɗun Chelsea mai tsayawa gaban 'yan baya, ba, duk da shekaru goma da ya yi yana riƙe masa kujera. Gurbin da ya fi dacewa da shi yana tsakanin biyun, kuma sau nawa aka ba shi? Ana iya ƙirgawa da yatsun hannu.

An haife shi ranar 22 ga Afrilu 1987, ɗan ƙabilar Ibo amma tashin Jos. Ya bi ta makarantar ƙwallo ta Pepsi, ya shiga Plateau United, aka ɗauke shi zuwa gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a Finland a 2003. A can ne ma ya samo sunan da duniya ta san shi da shi: jami'an hukumar ƙwallon Najeriya suka yi kuskure wajen rubuta Michael, ya fito Mikel, shi kuma ya ga sunan ya yi masa, ya riƙe.

Inda labarin ya kafu shi ne Holan, 2005, gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20. Samson Siasia ne koci. Najeriya ta yi canjaras da Birazil, ta sha kashi a hannun Koriya ta Kudu, sannan ta farfaɗo ta bi ta kan Suwizalan da Yukren, ta fitar da masu masaukin baƙi a bugun fanareti 10-9, ta lallasa Maroko 3-0. A wasan ƙarshe a Utrecht, ranar 2 ga Yuli, Ajantina ta ci 2-1, kuma duka biyun Messi ne ya zura su daga bugun fanareti, Chinedu Ogbuke ya ci ta Najeriya. Messi ya karɓi ƙwallon zinare, Mikel ta azurfa, Taye Taiwo ta tagulla. Hoton su ukun nan a tsaye shi ne hujjar da ake ɗagowa har yau duk sanda musu ya yi zafi.

Amma a koma a kalli wasannin, ba hoton ba. Ƙwallo ɗaya Mikel ya ci a gasar gaba ɗaya, ita ma fanareti ce a wasan Suwizalan. Ba ya yanka mutum uku a jere, ba ya gudun fitar rai. Abin da ya sa aka riƙa tambayar waye wannan yaron shi ne natsuwarsa. Dogo ne, ƙwallo ta zo masa ya juya wa abokin hamayya baya, ya tokare shi da ƙugu, ya ɗaga kai kamar babu kowa a filin, sannan ya sake ta inda ya ga dama. Idan wasa ya yi zafi shi ke sanyaya shi, idan ya kwanta shi ke tayar da shi da doguwar ƙwallo guda. Wani abin da ake mantawa kuma, a bayansa akwai Sani Kaita na Kano Pillars, wanda ke bin mutane yana ƙwato ƙwallo yana miƙa masa. Aikin da Kaita ya yi wa Mikel a Holan, shi Mikel ya je ya yi wa Frank Lampard a Landan.

Kafin ma a je Holan rigima ta riga ta ɓarke a kansa. Yana Norway a lokacin, a kulob ɗin Lyn na birnin Oslo. Dokar FIFA ta hana cinikin yaro tsakanin ƙasashe kafin ya cika 18, don haka kowa ya zauna yana jiran ranar. Mako guda da cikarsa 18, ranar 29 ga Afrilu 2005, Manchester United ta sanar cewa ta saye shi, aka nuna shi gaban 'yan jarida sanye da jar riga mai lamba 21. Chelsea ta ce ba ta san zancen ba, ita ce ta shirya zuwansa Turai tun farko tare da wakilansa, kuma an yi cinikin ne a bayan idonsu. Cikin watan Mayu yaron ya ɓace daga Oslo, har 'yan sanda suka shiga nema, mataimakin kocin United Ferguson wato Carlos Queiroz ya fito yana zargin an sace shi. Sai ga shi a Landan yana cewa matsa masa aka yi ya sa hannu, shi Chelsea yake so. FIFA ta ce ya koma Lyn tukuna. Ba a kashe wutar ba sai a Yunin 2006, da Chelsea ta biya fam miliyan 16: miliyan 12 ga United da bai taɓa buga mata ko minti ɗaya ba, miliyan 4 ga Lyn. Daga baya kotu a Norway ta samu daraktan Lyn, Morgan Andersen, da laifin jabun takardu a kan kwantiragin yaron.

Mutane na ba da wannan labari kamar wasan kwaikwayo, suna manta abin da ya ci. Tsakanin shekara 18 da 19, lokacin da ɗan wasan tsakiya ke koyon yin kuskure a gaban 'yan kallo ba tare da duniya ta tashi ba, Mikel yana zaune tsakanin lauyoyi da dillalai. Wasannin lig ɗin da ya buga wa Lyn gaba ɗaya ba su kai goma ba. Messi a daidai wannan shekara yana Barcelona, kulob ɗin da ya raine shi tun yana ɗan shekara 13, kusa da Ronaldinho da Deco da Xavi, ana saka shi a hankali a inda ya saba. Wanda ke neman inda hanyar yaran biyu ta rabu, nan ya kamata ya fara dubawa, tun Mourinho bai taɓa Mikel ba.

Sai kuma ɗakin da ya shiga. Tsakiyar Chelsea a 2006 akwai Lampard, wanda ke cin ƙwallo 20 a kaka kamar ɗan gaba. Akwai Michael Ballack, kyaftin ɗin Jamus, da ya iso a bazarar nan daga Bayern Munich. Akwai Michael Essien, akwai Claude Makelele. Kulob ɗin ya lashe Firimiya sau biyu a jere, mai shi Roman Abramovich kuwa ba ya da haƙurin jiran yaro ya nuna. A cikin manyan nan huɗu, wanda shekaru suka fara cim masa shi ne Makelele, yana da 33. Ƙofa ɗaya ce a buɗe, kuma ta bayan gida ce. Mourinho bai zauna ya ƙulla yadda zai kashe baiwar wani ba. Ya duba yaro mai tsayi da ƙarfi wanda ba a iya ƙwace ƙwallo a ƙafarsa, ya duba inda zai samu giɓi nan da shekara biyu, ya haɗa. Farkon ma bai yi daɗi ba: jan kati a wasan Reading a Oktoban 2006, wasan nan da kan Petr Cech ya fashe, da tara kan makara zuwa atisaye, da wani jan katin a wasan ƙarshe na kofin Lig da Arsenal a 2007. Amma kafin kaka ta ƙare ya zauna daram, da Makelele ya tafi PSG a 2008 kuma kujerar ta zama tasa.

Yana da kyau a fahimci aikin kansa, domin talabijin ba ta nuna shi. Kyamara ƙwallo take bi, lamba huɗu kuwa yawancin aikinsa a inda babu ƙwallo yake yi. A ce Chelsea ta kai hari ta hagu. Ashley Cole ya haura, Lampard ya kutsa cikin da'irar gola, Drogba na jiran a ɗago masa. A wannan lokaci mutum shida ko bakwai suna gaba. Idan ƙwallo ta kuɓuce, tsakanin abokan hamayya da John Terry babu kowa sai mutum ɗaya. Shi ba ruwansa da harin da ake kaiwa. Idonsa na kan lamba goman ɗaya ɓangaren, yana matsawa taku uku hagu don ya toshe layin da za a bi a kai masa ƙwallo. Idan ya tsaya daidai, ba za a ma yi yunƙurin bugo ta ba, ɗan kallo kuma ba zai ga komai ba, sai ya ce yau Mikel bai taɓuka abin kirki ba. Idan ya makara da daƙiƙa ɗaya, ko dai ya ja riga ya karɓi katin gargaɗi ko a zura musu, kowa kuma ya gan shi. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Idan ƙwallo ta dawo ƙafarsa kuwa, doka ɗaya ce: kada ta ɓace a nan. Ɗan gaba zai iya zubar da ƙwallo goma ya ci ɗaya a yi masa tafi. Wanda ke tsaye gaban 'yan baya idan ya zubar da ɗaya an shiga uku. Don haka taɓa biyu, a miƙa wa na kusa, a koma gurbi. Wannan shi ya haifar da ƙorafin da ya bi shi shekaru, cewa Mikel ba ya buga ƙwallo gaba, daga gefe sai baya. Ƙorafin ba ƙarya ba ne, kuma a nan nake tare da masu jin haushi. Makelele yana da saurin kai gora da ƙwace ƙwallo a ƙafar mutum, Mikel ba shi da wannan saurin, don haka ya rufe giɓin da taka-tsantsan. Abin da aka fara a matsayin umarnin koci ya zama ɗabi'a. Akwai wasanni da yawa da hanya ke buɗe a gabansa, mutum na ganin ya hango ta, amma ya juya ya mayar wa Terry. Ƙwallonsa ta farko a Firimiya sai ranar 21 ga Satumba 2013 ta zo, a ragar Fulham, a wasansa na 185 a gasar. Abokan wasansa suka yi masa caa suna dariya kamar an yi haihuwa a gidan da aka daɗe ana jira.

To da United ya tafi fa? Wannan ita ce tambayar da ake yi kamar amsarta a fili take. Ban yarda ba. Roy Keane ya bar United a Nuwambar 2005, kuma abin da Ferguson ke nema a lokacin mai zama a tsakiya ne, shi ya sa a bazarar da aka sasanta rigimar Mikel ya je Tottenham ya ɗauko Michael Carrick. A 2007 ya sayo Anderson daga Porto, ɗan Birazil, lamba goma na gaske wanda ya zama gwarzon gasar duniya ta 'yan ƙasa da 17 a 2005. Me ya yi da shi? Ya ja shi baya ya sa shi gumurzu a tsakiya. Ƙwallon Ingila ta wancan zamani ba ta ajiye wa matashi gurbin yawo a bayan ɗan gaba, balle ɗan Afirka mai tsayi da faɗin kafaɗa, wanda tun kafin ya taɓa ƙwallo an riga an yanke masa aikin ƙarfi. Yaya Toure ma a Barcelona gaban 'yan baya aka ajiye shi, har tsakiyar baya ya buga a wasan ƙarshe na Zakarun Turai a 2009. Sai da ya koma Manchester City yana da shekara 27 aka sake masa mara, ya ci ƙwallo 20 a Firimiya a kakar 2013/14. Bambancin shi ne Yaya ya tashi ya bar inda aka takure shi, Mikel ya zauna. Kuma kyautar gasar matasa ba takardar alkawari ba ce. Dominic Adiyiah na Ghana ya ɗauki ƙwallon zinare a irin wannan gasa a 2009, AC Milan ta saye shi, bai buga mata wasan lig ko ɗaya ba.

Zaman nasa kuma ba na banza ba ne. Mourinho, Grant, Scolari, Hiddink, Ancelotti, Villas-Boas, Di Matteo, Benitez, Mourinho kuma, Hiddink kuma: kulob ɗin da ke sauya koci kamar riga, amma kusan duk wanda ya zo sai ya tarar yana buƙatar mai lamba 12. Firimiya biyu, 2010 da 2015, kofin FA huɗu, kofin Europa a 2013. Sai daren Munich, 19 ga Mayu 2012, wasan ƙarshen da ya ba shi kofin Zakarun Turai. Chelsea ta je gidan Bayern babu Terry, babu Ivanovic, babu Ramires, babu Meireles, duk an dakatar da su. David Luiz da Gary Cahill daga jinya suka taso. Bayern ta yi bugun kwana 20, Chelsea ta yi ɗaya tak, wadda Drogba ya sa wa kai a minti na 88 ya farke ta Thomas Muller. Minti 120 Mikel ya yi a gaban 'yan bayan nan biyu masu ɗingishi, tsakanin Schweinsteiger da Kroos da Muller, ga Robben da Ribery suna shigowa ciki ta gefe biyu. Abin da ya fi burge ni a wasan ba tare ƙwallo ba ne. Duk sanda Chelsea ta samu ta, kowa so yake ya doka ta sama ya huta, shi kaɗai ke riƙe ta daƙiƙa uku ko huɗu, ya jawo a yi masa ƙeta, 'yan baya su samu su ja numfashi. Wato dai natsuwar nan ta Holan ce, an kawo ta wani aikin. Drogba aka ɗauka a kafaɗa, kuma ya cancanta.

A gida kuwa wata buƙata ce daban ke jiransa. Gasar kofin Afirka ta 2006 a Masar ita ce ta ƙarshe ga Jay-Jay Okocha, ita ce kuma ta farko ga Mikel. A wasan Zimbabuwe ya taso daga benci, cikin 'yan mintuna ya bayar aka ci, shi ma ya ci. Daga ranar 'yan Najeriya suka naɗa magaji, ba tare da an tambayi ko rigar ta yi masa daidai ba. A rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Ƙasar da ta fitar da Okocha da Kanu da Oliseh da Mutiu Adepoju a zamani ɗaya ta wayi gari tana fitar da 'yan gaba masu gudu da 'yan tsakiya masu ƙarfi, babu mai raba ƙwallo. Sai ya zama mutumin da ya shafe wata tara ana horar da shi kada ya kuskura ya yi kasada, ya sauka a Abuja ranar Talata a ce masa ranar Asabar shi ne zai buɗe ƙofa. Idan bai buɗe ba a ce ba ya kishin ƙasa, Chelsea kawai yake yi wa wasa da zuciya ɗaya. Shi ma a shekarun farko ya ba da ƙofar zargin, da rashin amsa gayyata a kan lokaci. Siasia ya bar shi a gida lokacin Olamfik na 2008 inda aka samo azurfa, rauni a gwiwa kuma ya hana shi zuwa gasar duniya ta 2010.

Kocin Super Eagles Stephen Keshi ne ya gano bakin zaren. A gasar kofin Afirka ta 2013 a Afirka ta Kudu ya tafi da 'yan wasa shida masu bugawa a gida, aka yi ta yi masa dariya. Wasanni biyun farko duk kunnen doki, da Burkina Faso da Zambiya, Mikel har ya ɓarar da fanareti a na biyun. Amma dubi yadda aka jera tsakiyar daga baya. Ogenyi Onazi, matashi ɗan Lazio wanda shi ma tashin Jos ne, shi ke bin mutane yana sara. Sunday Mba na gaba yana kutsawa. Mikel na tsakaninsu: yana karɓar ƙwallo daga 'yan baya fuskarsa na kallon gaba, babu wanda ya ce masa ya tsaya bayan ɗan gaba ya jira, babu kuma wanda ya ce idan ya haura taku goma ya yi laifi. Daga nan yake jefa wa Victor Moses da Emmanuel Emenike dogayen ƙwallaye, daga nan yake rage wa wasa wuta idan an ci. A wasan kwata fainal da Kwaddibuwa a Rustenburg, gaban Yaya Toure da Cheick Tiote da Drogba, kowa ya gama yanke cewa Najeriya ta kama hanyar gida. Aka tashi 2-1, kuma tsakiyar filin a hannun Najeriya ta wuni. Mali ta sha 4-1, Mba ya ci Burkina Faso a wasan ƙarshe ranar 10 ga Fabrairu, kofi na uku ya zo bayan shekara 19.

Wata huɗu bayan haka, a gasar kofin nahiyoyi a Birazil, ya karɓi ƙwallo a bakin da'irar Uruguay, ya kauce wa Diego Lugano da taɓawa ɗaya, ya nannaɗa ta da ƙafar hagu can saman raga. Na tuna yadda aka yi ta maimaita tambaya ɗaya a lokacin: ashe yana iyawa? A ƙarshen shekarar ya zo na biyu a zaɓen gwarzon ɗan ƙwallon Afirka, bayan Yaya. Idan ana son ganin ɗan wasan da Mikel zai iya zama da an gina tsakiya a kansa tun yana 20, shekarar 2013 za a kalla, ba hoton 2005 ba. Irin gurbin da Pirlo ya riƙe a Milan da Gattuso a gefensa, ko Xabi Alonso a Liverpool da Mascherano. Ban ce zai kai su ba. Amma a Chelsea shi ne Gattuson, babu wanda aka ajiye ya yi masa dako.

Olamfik na 2016 ya rufe bakin masu cewa ba ya kishi, ya kuma rufe masa ƙofar Chelsea. Antonio Conte sabon zuwa ne, an sayo N'Golo Kante, ga Nemanja Matic, duk mai hankali ya san ba lokacin barin sansanin atisaye ba ne. Mikel ya tafi, wurin Siasian nan da ya taɓa ajiye shi. Tawagar ta maƙale a Atlanta saboda rikicin kuɗin jirgi, ba ta sauka a Manaus ba sai sa'o'i kaɗan kafin wasan Japan, ta kuma ci 5-4, Oghenekaro Etebo ya zura huɗu. Kyaftin ɗin da kansa ya riƙa sa hannu a aljihu yana biyan wasu buƙatun tawagar. Ya ci Denmark a kwata fainal, Jamus ta tare su a wasan kusa da na ƙarshe, suka doke Honduras 3-2 da ƙwallayen Sadiq Umar biyu da ta Aminu Umar. Tagullar nan ita kaɗai ce lambar da Najeriya ta samo a Rio a duk wasannin da ta shiga. Da ya koma Landan Conte bai saka shi ko wasa ɗaya ba, a Janairun 2017 ya tattara ya nufi Tianjin TEDA a China.

Abin da ya biyo baya a kulob ba shi da tsawo: Middlesbrough, Trabzonspor ta Turkiyya inda ya raba gari da su a Maris 2020 bayan ya fito fili ya ce bai kamata a ci gaba da wasa ana tsakiyar annobar korona ba, Stoke City, ɗan zama a Kuwait, sannan ya sanar da ritaya a Satumbar 2022. Super Eagles kuwa tun bayan kofin Afirka na 2019 a Masar ya yi mata sallama, da tagulla ta uku a wuya, bayan ta 2006 da ta 2010.

Amma kafin nan tsohuwar tambayar ta sake dawowa, a hannun kocin Super Eagles na lokacin, Gernot Rohr. A wasannin neman zuwa gasar duniya ta 2018 a Rasha, Rohr ya ba shi lamba goma sosai, Onazi da Wilfred Ndidi na bayansa. Ya ci Aljeriya a Uyo, ya ci Kamaru a wasan 4-0, Najeriya ta fito daga rukunin da ake ce wa na mutuwa. Sai aka je Kaliningrad aka haɗu da Luka Modric da Ivan Rakitic. Mikel na da shekara 31, ya yi shekara ɗaya da rabi a lig ɗin China, yana tsaye a gaba ya juya wa raga baya yana jiran ƙwallon da ba ta zuwa. Kuroshiya ta ci 2-0 ba tare da ta yi gumi ba. A wasan Iceland Rohr ya ja shi baya, tsakanin Ndidi da Etebo, nan take tawagar ta samu kai, Ahmed Musa ya ci biyu. Gurbin 2013 ne aka mayar da shi, bayan an yi asarar wasa guda.

Wasa na uku, 26 ga Yuni 2018 a Saint Petersburg, da Ajantina. Shekara 13 bayan Utrecht, Messi ne kyaftin a can, Mikel a nan, hannunsa ɗaure saboda karayar da ya samu a wasan Iceland. Canjaras ya ishi Najeriya. Abin da babu wanda ya sani a filin, har Rohr, shi ne sa'o'i kaɗan kafin a take wasa an kira shi a waya an ce an sace mahaifinsa a kan hanyar Enugu, kuma idan ya faɗa wa hukuma za a harbe shi. Karo na biyu ke nan. A Agustan 2011 an taɓa ɗauke dattijon a Jos aka gano shi a Kano, a lokacin ma ɗan ya fita ya buga wa Chelsea wasa da Stoke. Wannan karon ma ya yi shiru ya ɗaura kambun kyaftin. Messi ya ci a minti na 14, Moses ya farke da fanareti, Najeriya ta riƙe har minti na 86, sannan Marcos Rojo ya sa ƙafar dama. An tashi 2-1, kamar a Utrecht. Mikel ya buga minti 90 cif. Sai bayan kwana shida, da 'yan sanda suka kuɓutar da mahaifin nasa a wani daji a jihar Enugu, ya faɗa wa duniya abin da ya shiga fili da shi.